Filin Ƙwallon Hajiya Bintu

Hajiya Bintu ta duba zanen filin ƙwallon daga sama har ƙasa, amma wanda ya zana shi ko kallo bai ishe ta ba.

Magajiyar gari ce daga jihar Tahoua, ta zo Paris ganin zanen. Majalisarta ta ba wani kamfanin siminti hayar tsaunin farar ƙasa da ke bayan gari, aka yanke cewa da abin da aka samu za a yi wa yara filin ƙwallo da wurin lilo. Yanis kuwa, haifaffen Aubervilliers da ke gefen Paris, mai Hausar da ya tsinta a kicin ɗin mahaifiyarsa, ya rataya ɗan ofishinsa na zanen gine-gine a kan wannan kwangila. In ta kuɓuce masa, sai rufe ƙofa.

Abokin aikinsa Abdulƙadir ne ya kawo labarin kwangilar, shi ne kuma ya yi zanen. Aiki ne mai kyau, har ta inda ruwan damina ke gangarowa daga tsaunin ya sani. Amma Hajiya na shigowa ofis, sarkin surutun nan ya koma bakin ƙofa ya sunkuyar da kai. Ita ma duk tambayar da za ta yi, Yanis take yi wa. In ta kama dole, sai ta ce "wancan". Da za ta tafi ta ajiye ƙunshin kilishi, ta ce a ba wancan, ta ga duk ya rame.

Hankalin Yanis ya tashi. Ya tambayi abokinsa ko sun taɓa saɓawa da matar. Abdulƙadir ya ce a'a, ya ci gaba da cin kilishinsa.

Ranar Asabar Yanis ya hau jirgin ƙasa zuwa Lyon shi kaɗai, ransa ba daɗi, don yana ƙaunar abokin nan nasa. A can Hajiya ta sauka, a unguwar Bron da ke gefen Lyon, wajen 'yarta Hamdiya mai karatu a jami'a. Aka gaisa, aka cika shi da dambu. Sai da ya ga kwanon ya yi rabi sannan ya yi ta maza.

"Bon, Hajiya, na lura ba kya son Abdulƙadir. In shi ne matsalar, zan cire shi daga aikin."

Hajiya ta ajiye cokali, ta kawar da kai wajen taga. Ta ce majalisa ta riga ta zaɓi zanen tun kafin ta taso, ba tare da an san mai shi ba. Ta ƙara da cewa duk wanda ya taɓa aikin wancan, da ita zai yi.

Daɗi ya kama Yanis, kansa kuma ya ɗaure.

"To amma ko sunansa ba kya faɗa."

Hamdiya ta riƙe ciki don dariya, da ƙyar ta samu bakin magana.

"Kai dai Paris ta cuce ka, Yanis. Wace uwa ka taɓa ji ta kama sunan ɗanta na fari?"