Sunan Ɗan Fari

Tun da "shiru ma magana ce" ta zama doka, kowace kotu ta samu na'ura mai fitila: mai shaida ya yi jinkiri, ta yi ja, wanda ake tuhuma ya shiga uku.

Inna Tabawa ta zo shaidar ɗanta na fari, wanda aka ce ya ƙona rumbu.

"Inna, wa ya yini a gidanki ranar?" in ji alƙali.

"Ga shi can, ranka ya daɗe."

"Suna na'urar take ji."

Ɗan fari? Bakinta bai taɓa kama sunan nan ba. Ta sunkuyar da kai. Fitila ta yi ja.

"Zubairu!" ta ƙwalla. "Wallahi Zubairu ne!"

Ya waiwayo ana sa masa ankwa. Tun da ta haife shi, yau ya fara jin sunansa a bakinta.