Sojan Gefe

Da dattijon ya tura sojan gefe, sai duk haddarta ta tashi a banza.

Zagayen ƙarshe ne na gasar ces, darar Turawa, a Gummi, wanda ya ci shi zai wakilci yankin a Gusau. Ita kuwa, malamar firamare daga Bukkuyum, tun faɗuwar damina take bin wasannin wannan tsohon zakara da aka adana a intanet. Tana tuƙa tuwo tana kallon waya, har Inna ta gaji da faɗan ƙauri. Ta san shi sarai: kullum da sojan gaban sarki yake buɗewa.

Yau ya sauya. Da ya biyo da doki ta gefen, sai ta ƙura wa allon ido. Ai ta san wannan tafiyar! Buɗin da ta ƙirƙira ne a tsakar gida da marfin kwalabe, wanda abokan wasanta suke kira shirme.

"Baba, ina ka samo wanga buɗi?" ta tambaya a hankali.

Ya shafa gemu yana murmushi. "Wurinki, ɗiyata. Ke kaɗai kika iya karatun mutane? Tun damina nike bin wasanninki na intanet."

Dariya ta kuɓuce mata har alƙalin wasa ya harare ta. Ashe ita ma ta kai a karanta ta!

Ta gyara mayafi, ta ɗauki dokinta. Buɗin nata ne, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake yoyo.