Wasiƙar da Ba Ta Kwana Ba

Ka tambaye ni ko ya dace ka sa wa kwamfutarka manhajar nan da mutum ke yi mata magana tana rubutawa. Sa ta, malam. Kyauta ce, kuma tana aikinta. Amma zauna tukuna in ba ka wani misali.

An yi wani tsohon malamin makaranta, cikin waɗanda suka koyi rubutu da tawada da alƙalamin ƙarfe. Tun yana aji huɗu aka koya masa ƙa'ida guda: wasiƙa ba ta fita ranar da aka rubuta ta. A fara da fensir, a danne ta da dutse ta kwana, da safe a karanta, abin da ya tsira a kwafe shi da tawada. Shekara hamsin yana haka. Yana da wani farin dutse da ya tsinto a rafi, kullum yana kan teburinsa. Wasiƙu da yawa sun shiga ƙarƙashinsa da zafinsu, gari ya waye ya ga ba su cancanci kan sarki ba, ya ba matarsa ta hura wuta da su. Da tsufa ya zo sai hannunsa ya kama rawa, har fensir ya gagare shi. Wani tsohon ɗalibinsa mai gyaran kwamfuta, wanda shi ma furfura ta fara fito masa, ya zuba masa manhajoji na kyauta: mai ƙara girman haruffa, mai adana hotuna, da wannan mai rubuta magana. Tsoho ya yi murna ƙwarai. Yakan zauna da hantsi ya yi magana a hankali, ya ga kalmominsa suna jeruwa kamar an shuka su a kunya. In ya gama ya lulluɓe kwamfutar da farin ƙyalle.

Ana nan matarsa ta rasu. Yana da ƙane a wani gari mai nisa, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki, aka watse, ƙanen bai zo ba, sai wani saƙo mai layi biyu. Ran kwana tara tsohon ya dubi tabarmar da ya ajiye wa ƙanensa, tana nan a naɗe jikin bango, sai ya yaye farin ƙyallen ya fara magana. Ya fara da rashin zuwan. Daga nan ya tuna wa ƙanen wanda ya riƙa goya shi yana ƙetare rafi da shi zuwa makaranta, da wanda ya tsaya masa har ya yi aure. Can ya faɗi wata magana da mahaifiyarsu ta yi a kan ƙanen tana jinyar ajali, maganar da ya riƙe shekara arba'in bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Da hannu ne, da ya gaji tun a layi na biyar. Baki kuwa ba ya gajiya. Manhajar ta rubuta duka, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Kafin shayinsa ya huce ya aika. Farin dutsen yana nan gefen hannunsa, babu komai a ƙarƙashinsa.

Abin da bai sani ba shi ne, ƙanen yana kwance mako uku, ɓarin jikinsa ya shanye, idanunsa sun dushe. Shi ne ya hana a faɗa, don kada a haɗa wa yayansa nauyi biyu. Layi biyun ma matar ƙanen ce ta rubuta. Saboda rashin gani, an sa masa wata manhaja a waya mai karanta saƙo da murya. A da, mai karanta wa mutum wasiƙa in ya iso layi mai ɗaci yakan yi tari, ya tsallake, ya ce yayanka yana gaisuwa. Manhaja ba ta san kara ba. Ta karanta masa daga farko har ƙarshe da murya ɗaya.

Washegari matar ƙanen ta buga waya tana kuka. Ta ce, "Yaya, me ka rubuto masa? Tun jiya ko ruwa ya ƙi sha." Tsohon ya shiga mota ya wuni yana tafiya. Ya tarar da ƙanen ya juya fuska bango.

Ƙanen ya ce, "Na ji, Yaya. Sau uku na saurara."

Tsohon ya ce, "Zafin rai ne, ɗan'uwana. Ka yafe mini."

"Na yafe. Amma Inna ta faɗa, ko ba ta faɗa ba?"

Tsohon bai iya ƙarya ba. Kafin ruwan farko ya sauka aka binne ƙanen.

Bai taɓa ɗora wa kwamfutar laifi ba, domin abin da ya faɗa ta rubuta. Har yau yana yi mata magana da hantsi. Amma duk abin da ya faɗa sai an buga masa a takarda, ya ɗaga farin dutsen da hannayensa biyu masu rawa, ya danne ta ta kwana. Akwai guda ɗaya da ta daɗe a ƙarƙashi, ta ban haƙuri ce, kowace kalma a aune, sai dai babu wanda za a aika wa.

To, malam, sa manhajarka, amma ka nemi dutsenka. Masu iya magana sun ce, magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.