Hutun Rana a Watan Azumi

Tun da ƙungiyarmu ta masu kai saƙo ta samo mana hutun cin abinci, babur ɗina da kansa yake mutuwa da azahar, ba ya tashi sai hular kwanona ta ji ina tauna. Yau ya mutu a bakin kasuwa, ga maganin asmar wata tsohuwa a akwatina, 'yarta sai kira take. Kuma azumi ake.

Baba Ɗanlami, tsohon direban babur a ƙungiyarmu, yana gefe yana ta mamular baki.

"Ɗana, tauna iska kawai."

Na tauna har muƙamuƙina ya gaji. Amma hulata sabuwa ce, ba irin tasa ba. Ta ce a kunnena, "Ban ji abinci ya wuce ba."

Wayata ta sake yin ƙara. Na zaro dabinon buɗa-bakina.