Zaren da Ke Wuyan Sarkin Rum

Kai da hannunka ke ƙaiƙayin gyara duk abin da ka tarar a gidan ubanka, zauna in ba ka misali.

A can baya, zamanin da ayarin raƙuma bai daina shigowa Katsina daga arewa ba, an yi wani maƙerin farfaru, gwanin awarwaro da zobba. Cikin gadonsa akwai wasu sulallan azurfa guda huɗu, baƙi ƙirin don tsufa. Wani Balaraben Gadamas ne ya kawo wa kakansa su don a narke, kakan ya kasa jefa su wuta, ya musanya masa da wata azurfar. Kuɗin Rumawan dā ne, kowanne da kan wani sarki mai dogon hanci. Maƙerin bai iya karanta rubutunsu ba, bai ma san sunan sarkin ba, amma ya iya karanta hannu, ai ɗan sana'a ne. Ya san wani ne ya zauna da kurfi, abin sassaƙar maƙera, ya sassaƙa hoton nan a jikin ƙarfe, aka riƙa ɗora ƙarfen kan azurfa ana maka masa guduma. Ya kuma san duk abin da ya lotsa a jikin ƙarfen, tasowa yake yi a jikin kuɗin. To, a wuyan sarkin nan akwai wani ɗan tudu siriri kamar zare, inda kurfi ya zame wa mai sassaƙar. Uku daga cikin sulallan suna da shi, a wuri ɗaya, ba ƙari ba ragi. Na huɗun wuyansa sumul, domin wani ƙarfen ne ya buga shi. Daga bakin zaren nan ƙarfen ya fara tsagewa: a sule na farko da ƙyar ake ganin tsagar, a na biyu ta kai kafaɗa, a na uku ta ratsa har bakin sulen. Ta haka maƙerin ya san wanda aka riga bugawa, ya kuma san ƙarfen bai yi nisan kwana ba bayan na ukun. Bayan la'asar, in an kashe wuta an jingine zuga-zugi, sai ya kwance ƙullin tsummansa a bakin maƙera, ya jera su a tafin hannu, ya yi ta zancen wanda ya yi kuskuren kamar tare suka sha fura a ƙwarya ɗaya. "Mutumina" yake ce masa. Yakan ce ranar nan ko dai an yi masa magana yana tsakiyar aiki, ko kuwa yunwa ce, don shi ma hannunsa ya taɓa zamewa irin haka.

Maƙerin yana da ɗa, magidanci mai iyali, wanda ya fi shi tsabtar aiki, kowa ya shaida. Amma tun da ɗan ya fara riƙe guduma bai taɓa jin uban ya ce masa madalla ba, iyaka ya duba aikin ya gyaɗa kai. Abin yana cin sa ƙwarai. Shekara talatin yana ƙira babu tangarɗa, yabo duk ya tafi ga wani matacce da kurfi ya kuɓuce wa! Da idon tsoho ya dushe ya ajiye ƙira, sulallan nan suka zama abokan zamansa, da babban yatsa yake bin zaren daga wuya zuwa baki, yana murmushi shi kaɗai. Wata rana aka ja shi ƙauye ta'aziyya kwana biyu, ya bar ƙullin a ɗaki. Ɗan kuwa, Allah ya sani ba mugunta ba ce, so yake ya faranta wa uban rai, ya kuma nuna masa irin hannun da ya haifa. Ya dafa sulallan a ruwan tsamiya, ya goge su da toka, sannan ya ɗauki magagari mafi laushi ya bi zaren da tsagar ya share su a hankali, bai taɓa ko kunnen sarki ba. Aiki ne na gwani. Huɗun suka koma iri ɗaya, suna ƙyalli kamar jiya aka buga su.

Da tsoho ya dawo, ɗan ya durƙusa ya zuba masa su a hannu, ya ce, "Baba, na gyara maka su." Tsoho ya shafa na farko, ya juya shi, ya ɗauki na biyu, ya bi su duka, ya sake bi daga farko. Can ya ce, "Madalla, aikin ya yi kyau. Amma ina mutumina?" Nan ɗan ya gane abin da ya yi. Azurfar da magagari ya ci ta bi toka, ba mai mayar da ita.

Tsoho bai yi faɗa ba, bai kuma sake tambayar ƙullin ba. Bayan la'asar sai dai a gan shi zaune a bakin maƙera, hannuwansa bisa gwiwa, har Allah ya yi masa rasuwa kafin damina ta zagayo. Ɗan ya samu kalmar da ya yi shekara talatin yana jira, bai taɓa jin daɗinta ba ko na yini ɗaya. Shi ma ya tsufa, furfura ta rufe shi, kuma har ya bar duniya ya kasa faɗa wa 'ya'yansa wanne sule ne na farko, wanne ne na uku.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.