Sunan Mijin Tabawa

A layin ofishin biza Tabawa ta ba ni labarinta. Tun da aka rufe iyaka tana Daura, mijinta yana Damagaram, ciwo na ta cin sa. Bizar kwana bakwai take nema masa, ya zo ya ga jikarsu tun yana iya tafiya.

Yanzu ba a neman takardar aure. Na'ura ce ke sauraron yadda mace ke kiran mijinta.

Da layi ya zo kan Tabawa, ma'aikaciyar ofishin ta ce, "Inna, faɗi sunansa."

"Malam."

"Sunansa na yanka."

Tabawa ta ja mayafi. "Haba 'yar nan! Shekara talatin da huɗu ban taɓa kama sunansa ba, sai yau a gaban jama'a?"

"Dokar ke nan, Inna."

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Sa'adu."

Jar fitilar na'urar ta kama. Ma'aikaciyar ta ce, "Wai bakinki bai saba da sunan ba. Sai baɗi kuma."

Tare muka fito. Har tasha tana maimaita sunan a hankali, ko bakin ya saba kafin baɗi.