Kabewar Zuwa Maradi

Saidou ya durƙusa ya tura gefen bargo ƙarƙashin kabewar, a hankali kamar mai juya majinyaci. Mutum biyu ba sa iya zagaye ta da hannu. Shi ya raine ta a gonar kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, da ke bayan Riyadh, har rumfa ya yi mata da tsohon buhu, don ranar ƙasar nan ba ta da mutunci.

Alkawarin kafil bai da kwana-kwana. In kabewar ta isa gidansa na Al-Badi'a, inda zai nuna wa baƙinsa ita, ba tsaga ba ƙwarzane, Saidou zai samu izinin zuwa Maradi. Can matarsa Delou take kwance tun bayan babbar sallah, ita da ta koya masa shukar kabewa a gindin dangar gidansu.

Saboda haka ya kafa dokoki. Ba a kama ta ta kara. Da gwiwa ake tashi, ba da baya ba. Mutum huɗu, kowa da kusurwarsa ta bargo. Kuma babu waya a jikin kowa, don ƙararta kaɗai ta isa ta sa mutum ya saki hannu. Tun da safe Almustafa, ɗan garinsu kuma babba a gonar, ya tattara wayoyin ya zuba a jakarsa ya ajiye bayan rumfa.

Abokan aikin ne suka ɓata masa rai. Mukhtari, wanda bakinsa ba ya hutawa da tsokana, yau ko tari bai yi ba. Kamil ya ƙi haɗa ido da shi. Almustafa kuwa ya ɗan ɓace bayan rumfa, da ya dawo sai ya karɓe kusurwa mai nauyi.

Hassada ce, in ji zuciyar Saidou: shi zai ga gida, su suna nan. Abin ya yi masa ciwo, mutanen da yake cin abinci kwano ɗaya da su.

"Bismillah. Shwayya-shwayya, a hankali dai," ya ce.

Suka tashi tare. Bargon ya yi ƙara, kabewar ta karkata, Almustafa ya tare ta da cinyarsa. Taku-taku har suka sauke ta kan katifar soso a bayan mota. Saidou ya zauna nan ya rungume ta har cikin gari.

Kafil ya fito da kansa. Ko kallon kabewar bai yi ba. Ya riƙe hannun Saidou ya daɗe, sannan ya ce, "Khalas, shi ke nan, gobe ka tafi. Allah ma'ak."

Murna ta hana Saidou jin haushin rashin kallon. Ya nemi wayarsa don ya yi wa Delou albishir.

"Caji ya ƙare," in ji Almustafa. "Mu je ɗakina a Shumaisi ka sa."

A unguwar Murabba Saidou ya nace aka tsaya, ya saya wa Delou mayafi. Ya tambayi Mukhtari ko shuɗi zai dace da ita. Mukhtari ya kau da kai yana kallon titi.

Ƙofar ɗakin Almustafa cike take da takalma. Mutanen Maradi ne zaune kan tabarmi a ranar aiki, ga dabino da ruwa, kowa da carbi. Saidou ya san zaman makoki in ya gan shi. Kunya ta kama shi, ya ɓoye ledar mayafin a bayansa.

"Wa aka rasa?" ya tambaya a hankali, yana neman wanda zai yi wa gaisuwa.

Wuri ɗaya ne ba kowa, a tsakiya jikin bango, inda mai karɓar gaisuwa yake zama, kuma nan Almustafa ya kama hannunsa ya zaunar da shi.